Shekara Goma Sha Takwas Ana Sakin Rigata

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina farawa ina gogewa, domin duk lokacin da na karanta sai in ga abin kunya ne mace mai shekara talatin da biyu, da aurenta da 'ya'yanta biyu, ta zauna tana kai ƙarar riga. Amma rigar ce ke neman raba ni da ƙarin girman da na yi shekara bakwai ina jira a wurin aiki, kuma kwana goma sha biyu suka rage mini in ba da amsa.

Ni dai Allah ya yi ni da cikar ƙirji. Ba ni da wata ƙiba ta a zo a gani, kafaɗuna ƙanana ne, ƙuguna ma daidai misali, gaban nan ne kawai ya fi ƙarfin sauran jikin. Ina 'yar shekara goma sha huɗu abin ya zo mini gaba ɗaya a cikin hutu guda, na koma makaranta rigata ta ƙi rufuwa. Umma ta ja hannuna zuwa shagon Baba Tela, tsohon abokin mahaifinmu, wanda shi ke ɗinka wa duk gidanmu. Har yau ina ganin shagon nan a idona, ɗan tsukukun wuri mai keken ɗinki biyu, ƙyallaye zube a ƙarƙashin tebur, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ya kai hannu zai ciro tef ɗin, Umma ta ce ba sai an auna ni ba. Ta miƙa masa tsohuwar rigata ta ce ya yanka a kanta, amma a sake ta. Baba Tela mutum ne mai barkwanci, sai ya ce yarinyar da ba a ma ɗaura mata ba, har an kai ga saki? Duk shagon aka kwashe da dariya. Yayana da ya rako mu ya ɗauki maganar ya kai gida, shi ke nan sunan ya bi ni. Har gobe a danginmu A-Sake-Ta ake ce mini, 'ya'yan yayan nawa ma Anti A-Sake suke kirana ba su san tushen abin ba.

Ran nan Baba Tela ya ƙara yatsu biyu a kowane gefe. Tun daga lokacin, Anti, tef bai taɓa zagaya jikina ba. In zan yi ɗinki sai in ɗauki rigar da aka ɗinka mini ta ƙarshe, in haɗa da yadi in aika masa. Da can Umma ce ke faɗin kalmar, yanzu ni da bakina nake kiransa a waya in ce Baba, a sake ta. Shi kuma ya shimfiɗa ta a kan sabon yadi, ya zana da alli, ya ƙara yatsunsa biyu. Haka muke yi shekara goma sha takwas.

To ga abin da ke ɗaure mini kai. Ɗinkin kafaɗar rigunana yanzu ya sauko har tsakiyar damtsena, hammatar tana lilo kusa da haƙarƙarina, bayan kuwa buhu ne sosai, sai a saka mutum na biyu. Amma duk da haka gaban yana ja. Bakin rigar na gaba yana ɗagewa sama, na baya yana zubowa, in na ɗaga hannu sai rigar duka ta biyo ni. Ta yaya riga ɗaya za ta yi wa mutum yawa kuma ta yi masa kaɗan a lokaci guda? Na rasa wanda zan tambaya.

Na ce bari in gwada na kanti, an gudu ba a tsira ba. Na san ɗakunan gwajin kaya kamar ɗakina, labulen da ba ya kaiwa ƙarshe, ƙusa ɗaya a bango, madubin da ba ya rufa wa kowa asiri. In na ɗauki ti-shat daidai kafaɗata sai ta ɗame ni a gaba, rubutun da ke jikinta ya miƙe har harufan su canza kama. In na ɗauki babba sai in koma kamar na ari ta maigidana. Masu maɓalli kuwa su ne manyan maƙiyana, tsakanin maɓalli na biyu da na uku sai rigar ta wage baki kamar tana hamma. Mai shagon tana tsaye a bayan labule tana ce mini haka ake yayi, ni kuma ina ciki gumi na karyo mini. Sau da yawa saya nake yi don kunyar fitowa hannu biyu, in kai gida in jefa a ƙasan durowa. Jakata ba ta rabuwa da fil. Akwai ranar da na saka ɗaya daga cikin na Baba Tela na shiga bas, wata baiwar Allah ta miƙe ta ba ni kujera tana yi mini addu'ar sauka lafiya. Na zauna na amsa da amin, me zan ce?

Aikina amsa kiran waya ne a wani kamfani. Ina da ɗan teburina mai katanga uku, da kwamfuta, da abin sauraro a kunne. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce da gangan na nemi aikin nan, saboda murya kawai ake ji. Kuma na iya shi, Anti, ba yabon kai ba. Mutum zai kira yana zagi kamar zai fito ta cikin waya, kafin mu rabu yana sa mini albarka. Maƙwabciyar teburina, wadda muke kira Rediyo don bakinta ba ya hutawa, takan ce da muryata ce ke tafiya a titi da an tsayar da motoci. Ba ta san yadda maganar ke sukata ba.

Wata biyu da suka wuce shugabar sashenmu ta kira ni ta ce suna so in koma koyar da sababbin ma'aikata. Wato in bar bayan katanga in tsaya a gaban mutum ashirin, maza da mata, kullum, ina rubutu a allo. A ofishinmu ba a saka kayan kamfani, kowa da ƙananan kayansa na yau da kullum yake zuwa. Ni dai a teburina ina da wata rigar sanyi mai kauri da nake ɗorawa ko ana zafi kamar me, da mayafi a kai. Amma mai koyarwa hannunta ba ya zama wuri ɗaya, tana rubutu, tana nuna yadda ake saka abin sauraro, tana sunkuyawa kan kwamfutar wannan da wancan. Mayafi ba ya tsayawa a irin wannan aikin, rabin hankalinki yana kan gyara shi.

Makon jiya aka ce in gwada na minti ashirin. Na saka wata mai maɓalli ruwan toka da na saya musamman, na soka fil uku ta ciki. Na fara lafiya lau, har na ga suna gyaɗa kai. Sai na ɗaga hannu zan rubuta sunana a saman allo. Rigar ta ɗage, fil ɗaya ya ɓalle ya soke ni, na ji iska a inda bai kamata in ji ba. Ban ƙarasa rubuta sunan ba. Na ɗauki fayil na rungume da hannun hagu, na yi sauran darasin a duƙe, ina rubutu a can ƙasan allo inda na baya ba sa gani. Wani daga cikinsu ya jawo mini kujera a zatonsa ba ni da lafiya. Da aka tashi shugabar ta ce bayanina ya yi kyau ƙwarai, amma ta tambaye ni ko bayana ne ke ciwo. Na ce e. Kuma ba ƙarya na yi ba, yana ciwo, tun ina yarinya nake tafiya kafaɗuna a dunƙule.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In buɗe durowa in zubo kaya a gado in mayar, in shiga waya ina duba riguna a jikin matan da ba su da abin da nake da shi, in tashi in share ɗakin da na riga na share. Maigidana ya ce shi bai ga komai ba, kuma na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ba shi zai tsaya gaban allon ba. Umma ta ce in ƙara girman mayafi. Da ta faɗa sai na yi mata sallama da sauri don kada in yi rashin kunya. Ina jin haushinta, Anti, Allah ya yafe mini. Ina jin haushin Baba Tela da dariyarsa, alhali tsohon nan bai taɓa ɓata mini rai da gangan ba, kuma in ya ji na kai ɗinki wani wuri zai ji ciwo.

Na riga na rubuta wa shugabar saƙon cewa na gode amma a ba wani. Yana nan a wayata ban tura ba. Wani lokaci in ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, wani lokaci in tuna yadda suka yi shiru suna saurarona kafin fil ɗin ya ɓalle, sai in ji kamar in yi kuka. Ina son aikin nan. Shin akwai rigar da za ta zauna a jikin irina ba ta matse ba kuma ba ta zama buhu ba, ko in haƙura in koma bayan katangata? Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Taki,
A-Sake-Ta

*

Ƙanwata,

Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taki saboda kwanakin da kika ce sun rage. Abu na farko, kada ki tura saƙon nan. Ki bar shi a wayar tukuna ki karanta wannan har ƙarshe.

Bari in warware miki abin da ya ɗaure miki kai, don ba wani asiri ba ne. Rigar da aka kai wa Baba Tela ran farko ta yarinya ce wadda gabanta da bayanta kusan ɗaya suke. A kanta aka yanka ta biyu, a kan ta biyu aka yanka ta uku, har zuwa wadda ke jikinki yau. Faɗi ake ta ƙarawa a gefe, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙirji yana bukatar wuri ne a gaba, kuma yana cin tsawo, don yadin sai ya hau ya sauko kafin ya kai ƙugu. Shi ya sa gaban ke ɗagewa, bayan ke zubowa, kafaɗa ke gangarowa damtse. Shekara goma sha takwas kina saka rigar 'yar shekara goma sha huɗu da aka yi ta buɗawa. Jikinki bai yi laifin komai ba, ba a taɓa tambayarsa ba ne.

Saboda haka gobe, ba jibi ba, ki nemi tela mace wadda ta saba da ɗinkin mata manya. Amma kafin ki je wurinta ki fara da rigar mama, don ita ce harsashi, kuma ina da yaƙinin ita ma da ka kike sayenta. Wadda ta dace maɗaurinta na baya yana zama daram ba ya hawa sama, ba ta barin komai ya ɓullo ta sama ko ta gefe, kuma ba igiyar kafaɗa ce ke ɗaukar nauyin ba. Da ita a jikinki za a auna ki. Ki tsaya a miƙe, ki saki kafaɗunki, kada ki riƙe numfashi don lamba ta ragu, tela ba alƙali ba ce. A auna faɗin kafaɗa, a auna saman ƙirji ta ƙarƙashin hammata, a auna inda ya fi cika, a auna ƙasansa, sannan tsawon gaba daban da na baya. Ki ce a yanka kafaɗa da wuya da hammata daidai ke, a ba gaban ƙarin wuri da ƙarin tsawo, a kama shi da ɗan ɗinkin nan na gefen ƙirji da teloli ke kira dat. Ki sa ta fara gwadawa da yadi mai sauƙi kafin ta taɓa mai kyau.

Na kanti ma ba haramun ba ne a gare ki, sai dai ki daina tsammanin za ki cire daga rataye ki saka ki tafi. Ki ɗauki wadda ta rufe ƙirjin ba ja, kafaɗarta ba ta yi nisa da taki ba, ki kai a rage miki gefe da baya. Ki nemi yadi mai ɗan nauyi da ɗan miƙewa, wanda ke zubowa da kansa. Mai sheƙi da mai shara-shara suna lafewa a jiki, mai tauri kuma yana tsayawa daga ƙirji ya sauko kamar tanti, shi ne ya sa aka ba ki kujera a bas. Wuyan da ya shaƙe maƙogwaro yana ƙara wa gaba girma a ido, gara mai ɗan buɗewa kaɗan, in kin ga ya sauka da yawa ki saka 'yar ciki. Ki rabu da masu aljihu a ƙirji da masu rubutu. Ruwan tokar nan taki kuwa kada ki yar, in ba ta matse ki ainun ba a ɗinke layin maɓallin gaba ɗaya ta ciki, ki riƙa zura ta ta kai, mai kallo ba zai gane ba. Kuma duk rigar da za ki gwada, a ɗakin gwaji ko a shagon tela, ki ɗaga hannu har sama kamar kina rubutu a allo, ki sunkuya, ki zauna. Wadda ta biyo ki sama ki ajiye musu abarsu, ki fito hannu biyu kanki a ɗage. Riga biyu masu kyau sun ishe ki fara aiki, sauran su zo a hankali.

Game da Umma, na fahimci haushinki, kuma ba zan ce ki haɗiye shi kamar babu ba. An mayar da kunyar yarinya abin dariya, har aka laƙaba mata suna, wannan da ciwo. Amma ki dubi abin ta wurinta. Uwa ce da ta ga 'yarta ta girma a hutu ɗaya, ta san idon mutane, ta tsorata, ta ɗauki abin da ke hannunta ta kare ki da shi, wato ƙarin yadi. Ba ta ƙi ki ba, dabararta ce ta tsufa. Baba Tela ma abin da aka ba shi ya yanka, kuma ki tuna shi ne ya kai hannu ga tef tun ran farko aka hana shi. In kina gudun ɓata masa, ki bar masa siket da kayan yara, ko ki kai masa awonki a rubuce ki ga abin da zai yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba zan ruɗe ki ba, babu rigar da ke rufe idon mai son kallo, kuma a cikin mutum ashirin ba a rasa mara tarbiyya. Sutura da kike nema haƙƙinki ce, in kin fi natsuwa da ɗan mayafi a kan rigar da ta zauna, ki maƙale shi da kyau ki yi aikinki. Amma ki lura da abin da ya faru ran gwajin. Ba wanda ya yi maganar ƙirjinki. Abin da suka gani mace ce a duƙe, har suka ɗauka ba ta da lafiya. Ɓuyan ya fi abin da ake ɓoyewa jan ido. Ciwon bayan kuma, in ya ci gaba bayan kin gyara rigar mama da tsayuwa, ki je a duba ki a asibiti, kada ki saba da shi.

Zan faɗa miki wani abu da ya same ni da wasiƙarki. Da na fara cin karo da kalmar nan ta Umma, ban karanta ta yadda ta faɗe ta ba. A rubuce sakin abu da sake shi kamanninsu ɗaya, a baki ne suke rabuwa, sai na ɗauka cewa ta yi a sake ta, wato a warware a yi sabuwa tun daga farko. Sai da na kai ga barkwancin Baba Tela na gane kuskurena. To ni dai na tsaya a kan kuskuren nawa, don shi ne shawarata. An saki rigar nan iya saki, ke ce ba ki taɓa sakin jiki a cikinta ba. Wannan karon a sake ta, a kan awonki na yau.

Ki goge saƙon da ke wayarki, ki je da ƙafarki ki ce wa shugabarki kin karɓa. Ranar farko, kafin ki ce komai, ki ɗaga hannu ki ƙarasa rubuta sunan nan da kika bari a rabi, na yanka ba na tsokana ba, a can saman allo inda na baya za su gani.

Allah ya ba ki sa'a, ya sa ki fara a daidai, ya ƙara wa Umma lafiya.

Antinki